Haƙorin Jannat a Saman Rufi

Shekara goma sha huɗu ke nan ina aiki a sashen haƙori na wani asibiti da ke nan Tarauni, amma ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Kati nake bayarwa. Teburina yana bakin ƙofa, bangon da ya raba ni da ɗakin likitoci kuwa na katako ne, don haka duk faɗan da ake yi wa iyaye a ciki a kunnena yake sauka. Ta haka na haddace abubuwa da dama ba tare da na shiga aji ba. Ɗaya daga ciki shi ne, idan haƙorin da ba na famfara ba ya fice gaba ɗaya da saiwarsa, ana iya mayar da shi gurbinsa ya kama, in dai an kawo shi cikin awa guda a jiƙe da madara. Na ji wannan magana ta fi sau ɗari. Sunana Tabita, amma a unguwa Maman Faith ake ce mini.

Gidan da muke haya a Gyaɗi-Gyaɗi na Hajiya Kubura ne. Ni da maigidana Istifanus, wanda ya yi ritaya daga koyarwa, muna sashen gaba, ita tana ciki, tsakar gidanmu ɗaya. Rufin ɗakunanta na kankare ne. Marigayi mijinta ya zuba shi da niyyar ɗora bene, Allah bai nufa ba, har yau ƙarafan suna nan a tsaye suna tsatsa, sai tankin ruwa da aka aza a gefe. Hajiya mace ce mai kirki, tana kuma da tsabta har ta yi yawa. Irin matan nan ce da ke wanke tsintsiya bayan sun gama shara. Shekara goma sha ɗaya muna tare ba mu taɓa sa-in-sa ba, in ban da kan bokitin da na taɓa ajiyewa a bakin rijiya da kumfa a gindinsa.

Duk Asabar ana kawo mata jikarta Jannat daga Hotoro ta wuni. Jannat 'yar babban ɗanta Habibullah ce, shekarunta tara, ƙaramin jiki gare ta da baki kamar rediyo.

Wata Asabar cikin Agusta na dawo daga koyon waƙa na zumuntar mata wajen ƙarfe goma sha ɗaya. An yi ruwa da safe, simintin tsakar gida duk a jiƙe. Na tarar da Jannat a kan tabarma da tsumma a baki, gaban rigarta jini ne, ta daina kuka sai ajiyar zuciya. Hajiya tana gefe tana dama gishiri a ruwan ɗumi.

"Hajiya, lafiya?"

"Lafiya lau, Maman Faith. Ƙawata ce ta rasa aikin yi, ta je gaida bakin rijiya da baki. Na ce ta daina gudun nan, ba ta ji. Santsi ya kwashe ta."

Na durƙusa na janye tsumman. Leɓen sama ya fashe ta ciki ya kumbura, sannan ga giɓi a gaba, a sama, jini na tsattsafowa daga dasashi. Abin da ya tsayar da ni shi ne haƙorin da ke kusa da giɓin. Babba ne mai faɗi, irin wanda ke yi wa yara yawa a baki kafin fuska ta cim masa.

"Jannat, wanda ya fita ɗin nan, kin taɓa famfararsa?"

Ta ɗaga kai. Ta ce tun tana aji biyu, maganar tana fita da iska ta giɓin.

"Hajiya, ina haƙorin?"

Ta nuna sama da haɓa. "Yana inda 'yan uwansa suke."

Ban buƙaci bayani ba, don na sha gani. A gidan Hajiya duk yaron da haƙorinsa ya fita, sai ta haɗa masa shi da 'yan tsakuwa a hannu, ya juya wa ɗaki baya, ya cilla saman rufi, ya ruga ba waiwaye. Bayan nan sai ya riƙa rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, wai in ya gani sabo ba zai fito ba. Haka ta yi wa 'ya'yanta bakwai, haka take yi wa jikoki, har Faith ɗina sai da ta cilla guda biyu. Kuma duk sun fito, don haka ba wanda zai ce da Hajiya abin ba ya aiki. A wajenta duk yaron da bai fara azumi cikakke ba, haƙoransa na aro ne. Jikokinta sun haura ashirin, ba ta riƙe wa ya yi famfara wa bai yi ba.

Na ce, "Hajiya, wannan ba na famfara ba ne. Shi ke nan gare ta, wani ba zai fito ba. Amma in muka same shi yanzu muka kai asibiti, za a iya mayar mata."

Sai ta yi dariya. "Maman Faith, yaushe aka fara dashen haƙori kamar albasa?"

"An daɗe, Hajiya. Tun yaushe aka cilla?"

Ta dube ni, ta ga ba wasa a fuskata. Ta juya ta dubi bakin yarinyar, ta daɗe tana kallo. Cokalin da ke hannunta ya tsaya.

"Na kuwa ce wannan da tsawo yake," in ji ta a hankali. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bai fi minti goma ba."

Istifanus yana kwance a falo yana jin rediyo na tashe shi. Shekarunsa sittin da biyu, ga tumbi, ga gwiwar da ke ƙara in zai zauna, amma shi kaɗai ne namiji a gidan. Ya fita ya aro tsani a wajen Ɗahiru mai walda, ya jingina a bango, ya tsaya yana kallon tsawonsa kamar an ce masa ya rubuta wasiyya. Na riƙe masa, ya hau yana kiran sunan Allah a kowane taki.

Ina riƙe da tsanin da hannu ɗaya na kira Likita Sa'adatu, don na san ita ke bakin aiki ran nan. Ta ce in kawo yarinyar da haƙorin maza, in sa shi a madarar ruwa, ta kwali in da hali, za ta jira mu. Ta kashe waya ba ta ƙara komai ba, domin ta san da wa take magana.

Can sai muryar Istifanus daga sama. "Maman Faith! Wanne a ciki?"

"Kamar yaya wanne?"

"Suna da yawa fa."

Ya leƙo da tafin hannu a buɗe. Ashe bakin indararon da ke kusurwar tanki ya daɗe da cushewa da yashi, duk abin da ruwan sama ya kwaso nan yake tara shi. Haƙoran gidan Hajiya na shekara da shekaru suna nan, ƙanana, wasu sun yi ruwan ƙasa, wasu sun fashe.

Na ce, "Ba waɗannan ba. Nemi babba, fari, mai doguwar saiwa da jini a jiki."

Hajiya tana tsaye a bayana da mayafi a kafaɗa, ta riga ta shirya. Na tambaye ta madara. Ta ce akwai ta gari, akwai nono a firji. Duka biyun ba su yi ba. Na ga babu amfanin mu tsaya mu biyu muna kallon ƙafafun Istifanus, sai na ce ta riƙe tsanin, ni zan je in sayo, in ya samu su jira ni. Abin da na ce ke nan, ba ƙari. Na fita da gudu da zanen zumunta a jikina.

Shagon Nura na bakin layi ba shi da ta kwali. Na gaba da shi a rufe yake. Sai da na kai titin Zoo na samu, na tsaya bayan wani mutum da ke zaɓen biskit kamar mai zaɓen fili. Tafiya da dawowa sun ci mini kamar minti goma sha biyar. A hanya ina lissafi, na ga har yanzu muna cikin awar, raina ya ɗan kwanta.

Na shigo na tarar da Istifanus zaune a kan turmi yana haki, fuskarsa cike da alfahari. Ya ce ya samu, a inuwar tanki ya faɗa, cikin yashi mai danshi, rana ko taɓa shi ba ta yi ba. Ya nuna mini hularsa, ya tattaro ƙananan ma guda goma sha ɗaya, bai san dalili ba.

"Ina babban?"

"Na ba Hajiya."

Hajiya tana bakin rijiya a kan kujera 'yar tsuguno. A gabanta akwai ƙaramar roba da kumfa, da garin sabulu, da tsohon burushi, da reza. Ta miƙo mini haƙorin a kan farin hankici. Ban taɓa ganin haƙori mai haske irin wannan ba, tun daga kai har ƙarshen saiwa.

"Kin ga yadda ya fito," in ji ta. "Da kin gan shi da aka sauko da shi, duk yashi da kashin ƙadangaru. Ta yaya za a sa wannan a bakin yarinya? Likita ma sai ta ce daga wane irin gida muka fito. Akwai wani nama-nama da ya manne a jikin saiwar, ya ƙi fita, sai da na sa reza. Na ɗauraye da ruwan zafi."

Maganar da nake ji ta bangon katako rabi biyu ce. Rabin farko shi ne madara da awa guda. Rabi na biyu kuwa, kada a taɓa saiwar, kada a goge, kada a kankare, ko da ƙasa a jiki a bar wa likita, domin wannan nama-naman shi ne ran haƙorin, shi ke kama ƙashi. Na san rabi na biyun kamar yadda na san na farko. Ban faɗa ba. A kaina abu ne da kowa ya sani, alhali ni ma ban san shi ba sai da na zauna kusa da bangon nan. Kuma shekara goma sha ɗaya ina zaune da matar nan, na san abin da take yi wa duk abin da ya taɓa ƙasa.

Na buɗe baki, na ga yadda take kallona tana jiran yabo, sai na rufe. Na zuba madarar a kofi, na jefa haƙorin, na ce mu tafi.

Jannat ta ce ita za ta riƙe kofin, tunda haƙorinta ne. A cikin adaidaita ta zauna tsakaninmu, ta kama shi da hannu biyu, tsumma a cushe a baki. Duk ramin da muka faɗa sai ta zare tsumman ta ce, "Malam direba, a hankali mana." Direban yana dariya yana cewa to Hajiya ƙarama. Hajiya tana jan carbi. Ni titi nake kallo. Daga gidanmu zuwa asibitin ba nisa, minti goma muka yi, ko ɗigo madarar ba ta zuba ba.

Likita Sa'adatu mace ce siririya mai ƙarancin magana. Ta ɗora Jannat a kujera, ta duba leɓen, ta taɓa sauran haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ta tura a ɗauko hoton ƙashin. Sannan ta sa ɗan ƙarfe ta ciro haƙorin daga madara, ta kai shi ƙarƙashin fitila, ta juya. Ta kai hanci ta sansana. Ta ɗago ta dube ni, ni kuma na dubi kwandon shara.

"Wa ya wanke shi?"

"Ni ce, likita," in ji Hajiya. "Ai ba a kawo wa mutane abu da ƙazanta."

"Da me kika wanke, Hajiya?"

Ta lissafa mata, har da rezar, ba ta rage komai ba.

Likita ta ajiye haƙorin a faranti. Na ji ta sha yi wa iyaye tsawa a kan abin da bai kai wannan ba, amma ran nan ba ta ɗaga murya ba. Ta sa nas ta shiga da Jannat ɗakin ciki a yi mata allura a ɗinke leɓen, sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da Hajiya. Ta yi mata bayanin saiwar da abin da ke jikinta. Ta ce da an kawo shi yadda aka tsince shi, da yashinsa da komai, da ta ɗauraye shi da ruwan asibiti ta mayar, ta ɗaure shi da na kusa da shi mako biyu, kuma da akwai kyakkyawan fata zai kama. Yanzu kuwa babu sauran abu mai rai a jikinsa. In ta tura shi a haka zai manne da ƙashi ya tsaya cak, muƙamuƙin yarinya ya ci gaba da girma ya bar shi a sama, ƙashin kuma ya riƙa cin saiwar har ya faɗi. Ga shi hoton ya nuna gurbin ma ya ɗan tsage. A ganinta barinsa ya fi.

Hajiya ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Wato da ƙazantarsa ya fi."

"Eh, Hajiya."

Ana cikin haka Habibullah ya iso, don Istifanus ya kira shi. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, ta amsa tana kallon bango kamar yadda ta saba, tunda ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Likita ta maimaita masa bayanin. Ta ce in wajen ya warke za a yi wa yarinyar na roba mai sakawa da cirewa, a riƙa canza shi tana girma. Na dindindin wanda ake kafawa a ƙashi kuwa sai ta gama girma tukuna. Ya ce ya amince da duk abin da likita ta gani. Bai ce wa mahaifiyarsa uffan ba, ba kuma zai ce ba ko da bakin yarinyar gaba ɗaya ta zubar.

Ni ya samu a baranda. Mutum ne mai ladabi, a hannuna ya yi aure, bai taɓa wuce ni bai rusuna ba.

"Maman Faith, ke da kike aiki a nan, ba ki gaya mata kada ta wanke ba?"

"Ban gaya mata ba."

Ya jira ko zan ƙara wani abu. Ina da abin ƙarawa, sauri da ruɗewa da layin shago, amma duk na san ba su kai amsa ba. Ya gyaɗa kai ya koma ciki. Kunyar da na ji a wajen nan ban taɓa jin irinta ba.

Da na koma ɗakin na tarar da Hajiya ta tashi daga inda aka zaunar da ita, ta hau doguwar kujerar da ake duba marasa lafiya, ta ajiye takalmanta a jere a ƙasa. Likita tana wanke hannu, ta juyo ta gan ta.

"Hajiya, wani abu ne?"

Hajiya ta ɗaga leɓenta na sama da yatsa, ta ƙwanƙwasa haƙorin gaba da farce.

"Likita, dubi wannan. Lafiyarsa ƙalau, bai taɓa yi mini ciwo ba, goro ma ba na ci. Cire shi ki sa mata. Ba zan taɓa shi ba, daga bakina sai nata."

"Ba ya yiwuwa, Hajiya."

"Jininmu ɗaya fa. 'Yar ɗana ce."

"Ko na uwarta ne jikinta ba zai karɓa ba."

"In girma ya yi mata, ai sai a rage."

"Ba girman ba ne, Hajiya. Ki yi haƙuri."

Habibullah ya fita daga ɗakin da sauri. Daga ciki ana jin muryar Jannat, leɓe a ɗinke amma bakin bai mutu ba, tana tambayar nas ko yanzu za a sa mata, ko sai madarar ta gama shiga.

Hajiya ta sauke hannunta. Ta zauna a bakin kujerar, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba.

"Na dindindin ɗin da kika ce, sai yaushe?"

"Sai ta kai sha takwas, ko ta ɗan wuce."

Ta shiga lissafi a gaɓoɓin yatsunta, leɓunanta na motsi. Ta kai tara ta tsaya. Ta sake farawa daga farko, ta sake tsayawa a nan. Hajiya ta haura saba'in, ga hawan jini, ga ciwon suga, duk muna sane. Ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta zuro ƙafa tana laluben takalmi. Na durƙusa na tura mata.

"Maman Faith."

"Na'am, Hajiya."

"In lokacin ya yi, ke za ki rako ta. Ke kin san hanya."

Na ce, "To, Hajiya."